Masu ba da jini, ku raba shayi da kwanon abinci

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Gadarif da kewaye. Allah Ya saka wa masu zuwa ba da jini da alheri. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a 2023 jama'a suka kwararo garin nan, ku ne kuke ceton masu haihuwa da masu ciwon sikila da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini.

Amma akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Sai saurayi majiyi ƙarfi ya zo ɗakin ɗibar jini, ya ba da jini sau biyu ko uku a baya, a soki yatsa a ce jininsa bai kai ba. In na ja fatar idonsa ƙasa sai in ga ta yi fari fat. Yana haki in ya ɗan yi sauri, kasala ta hana shi aikin gona, wani ma tauna ƙanƙara ya koma yi. In na tambayi abincinsa, ba laifi: ful (dafaffen babban wake) da safe, adas (ƙananan wake), wani lokaci har da hanta. To me yake bi a kai? Shayi! Ko hannu bai gama wankewa ba ya nufi wajen mai shayi.

Haba 'yan'uwa! Leda ɗaya ta jini, wajen mililita 450, tana fita da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, miligiram 200 zuwa 250. Ruwan jiki yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa kake jin garau, amma ƙarfen sai ya ɗauki watanni, kuma daga abinci yake zuwa. Shayi mai kauri a kan abinci yana iya tare fiye da rabin ƙarfen da ke cikin ful da adas da ganye. Ka ci, ka ƙoshi, ka bi da abin da zai hana shi shiga jiki. Jabana ma haka take, kada wani ya ce ai shi kofi yake sha.

Ban ce ku daina shayi ba, na san ba mai ji na. Tazara kawai nake roƙo, awa ɗaya, in da hali biyu. Na faɗa a ɗakin ɗibar jini, na faɗa a ƙofar masallaci, ana ce mini "to Malam", gobe kuma a koma gidan jiya. Iyayena mata, ku da al'ada da haihuwa ke rage wa jini, ku ne kuma kan gaba wajen ɗora buta tun kafin a kwashe kwanuka. Don Allah ku duba.

Sauran a taƙaice:

- Matsa lemun tsami a ful, a ci da tumatir ko gwaba.
- Hanta, nama, kifi, zogale, gwargwadon hali.
- Namiji ya bar wata 3 tsakani, mace wata 4. Kada ka ɓoye ranar da ka bayar don ɗan'uwa na kwance, a nemo wani.
- Mai bayarwa a kai a kai ya nemi gwajin feritin, wato na ajiyar ƙarfe a jiki, don na yatsa ba ya nuna ajiyar da ta rage.
- In an ba ka ƙwayar ƙarin jini, ka shanye ta da ruwa, ba da shayi ko madara ba. Bayan gida zai yi baƙi, kada ka tsorata. A ɓoye ta inda yara ba za su kai ba, tana iya kashe yaro.