Ma'aikacin injin sassaƙa kayan jirgin sama

Ma'aikacin injin sassaƙa kayan jirgin sama shi ne wanda ke kula da injin da ke yanka ƙarfe har ya fitar da wani sashe na jirgi, kamar haƙarƙarin fiffike ko faifan inji. Yawancin injinan yau kwamfuta ce ke tuƙa su, ana ce musu CNC. Asalinsu ma daga harkar jirage ne: rundunar sojin saman Amurka ce ta ɗauki nauyin binciken da ya sa jami'ar MIT ta nuna magabacin irin wannan inji a 1952.

Yanka aikin inji ne. Na mutum shi ne ɗaure ƙarfen daram, saita wuƙa, kasa kunne ga ƙarar injin, sai awo, kuma awon ne ya fi cin lokaci. Sau da yawa kuskuren da aka yarda da shi bai kai kaurin silin gashi ba. Da yake ƙarfe na buɗewa in ya ji zafi, ƙa'idar duniya ita ce a auna a digiri 20, abin da a Bauchin watan Afrilu ba ya samuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki.

Alminiyam ba ya gardama. Titaniyam kuwa, wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari na nauyin jirgin Boeing 787, ba ya watsa zafi. Sai zafin ya taru a bakin wuƙa ya cinye ta, wani lokacin ya lalata fuskar ƙarfen ta yadda ido ba zai gani ba. A 1996 faifan injin wani jirgi ya tarwatse a Pensacola ta jihar Fulorida, fasinja biyu suka rasu. Bincike ya gano tsagewar ta faro ne daga wani rami da ya lahanta tun ranar huda shi a masana'anta. Don guje wa irin wannan, a tsarin inganci na AS9100 da masana'antun jirage ke bi, kowane sashe ke da takardar da ke nuna ƙarfen da aka yi shi da shi da wanda ya taɓa shi, kuma ɓoye kuskure ya fi yin sa muni.

Manyan masana'antun suna ƙasashen waje, irin su Amurka, Faransa da Jamus. Amma tushen sana'ar, wato karanta zanen injiniya da riƙe ma'auni, ana koyar da shi a sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi. Mai son ɓangaren jirage zalla yakan nufi Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama a Kaduna.