Wane Mai Ya Dace da Kwamfuresar AC ta Mota?

Baƙin man inji ba zai yi wa AC ba?

Ko kusa. Man AC ba a wuri ɗaya yake kwanciya ba. Yana gauraya da gas ɗin sanyaya, ya zaga bututu, ya dawo ya shafe cikin kwamfuresa, wato famfon da ke tura gas ɗin. Man da bai jitu da gas ɗin ba sai ya maƙale a hanya, kwamfuresa ta yi ta juyawa a bushe har ta ƙone.

To yaya zan gane wanda ya dace da motata?

Gas ɗin da ke cikinta shi ke zaɓar mai. Tsofaffin motoci masu gas ɗin R12 man da aka tace daga ɗanyen mai suke sha. Tun wajajen 1994 aka koma R134a, wanda ke tafiya da man PAG, wani mai da ake haɗawa da sinadarai. Sababbin motoci masu R1234yf kuwa suna da nasu PAG na musamman. Ɗaga bonet, akwai sitika da ke nuna gas ɗin, sau da yawa har da man.

Mene ne 46, 100 da 150 a jikin gwangwani?

Kaurin man ne. Wanda ya ƙera kwamfuresar shi ya san kaurin da take so, shi za ka bi.

Motar da ke haɗa fetur da lantarki fa?

Nan ne na fi son a yi hattara. Kwamfuresar yawancin irin waɗannan motoci lantarki ke juya ta, kuma man yana taɓa wayoyin da ke cikinta. PAG na gama-gari yana jan danshi, yana raunana kariyar wayoyin, wuta mai ƙarfi ta iya zarcewa jikin ƙarfe. Shi ya sa da yawansu ke amfani da man POE, wani man haɗi da bai cika barin wuta ta ratsa shi ba, kamar ND-oil 11 na kamfanin Denso. Ko ragowar PAG a tiyon bakanike tana iya gurɓata shi, don haka ka tambaya kafin a jona tiyon.

In an ƙara da yawa ba zai fi ba?

A'a, sanyi zai ragu, domin man yana lulluɓe cikin bututu. In za a canza kwamfuresa, a tsiyaye man tsohuwar a auna, a daidaita na sabuwar bisa umarnin kamfani. Gwangwanin PAG da ya daɗe a buɗe kuma kada a yarda da shi.