Barack Obama a Majalisar Dattawan Jihar Illinois: Tambayoyi da Amsoshi

Yaushe Obama ya shiga majalisar jiha, kuma ta wace hanya?

An zaɓe shi a 1996 ƙarƙashin jam'iyyar Democrat domin wakiltar mazaɓa ta 13 a kudancin birnin Chicago, wadda ta haɗa unguwar Hyde Park inda yake zaune. An rantsar da shi a watan Janairun 1997, ya sake cin zaɓe a 1998 da 2002, sannan ya sauka a ƙarshen 2004 bayan ya lashe kujerar sanata a majalisar tarayyar Amurka. Shigarsa ba ta rasa ƙura ba. Alice Palmer, wadda ke riƙe da kujerar, ta bar ta domin neman majalisar wakilai ta tarayya, da ta faɗi sai ta so komawa, amma Obama ya ƙalubalanci sa hannun da ta tara na masu goyon bayanta, aka cire sunanta daga takarar. Masu sukarsa har yau suna ambaton wannan, kuma ba a rasa hujja a maganarsu ba.

Me ya bambanta wannan majalisa da majalisun jihohinmu?

A Najeriya kowace jiha majalisa ɗaya take da ita. Illinois kuwa biyu gare ta a birnin Springfield: ta wakilai mai kujeru 118 da ta dattawa mai kujeru 59, kuma dole ƙudiri ya sami ƙuri'u 30 a majalisar dattawa kafin ya wuce. Shekaru shida na farko Obama ya yi su ne a ɓangaren marasa rinjaye, domin 'yan Republican ne ke jan ragama, saboda haka duk dokar da yake so sai ya nemi abokin tafiya daga ɗaya ɓangaren. Haka aka yi a 1998, lokacin da ya yi aiki tare da Sanata Kirk Dillard na Republican wajen dokar da ta taƙaita kyaututtukan da masu neman alfarma ke bai wa 'yan majalisa.

Wace doka ce ta fi muhimmanci a cikin ayyukansa?

A ganina dokar ɗaukar bidiyon tambayoyin 'yan sanda ce, wadda aka zartar a 2003. Kafin a fahimci nauyinta sai an san halin da jihar ke ciki. Daga 1977 zuwa 2000 Illinois ta zartar da hukuncin kisa a kan mutum 12, amma an wanke mutum 13 da aka riga aka yanke wa wannan hukunci, abin da ya sa Gwamna George Ryan ya dakatar da kisan a shekarar 2000. A Chicago kuma an daɗe ana zargin wani kwamandan 'yan sanda, Jon Burge, da mutanensa da azabtar da waɗanda ake tuhuma, yawancinsu baƙaƙen fata, har su amsa laifin da ba su aikata ba. Mutum ya shiga ɗaki shi kaɗai da jami'ai, ya fito da takardar amsa laifi ɗauke da sa hannunsa, alƙali kuma ba shi da hanyar sanin abin da ya faru tsakanin shiga da fita.

Dokar ta ce a shari'ar kisan kai, duk jawabin da aka karɓa a tsare ba tare da an ɗauke shi a na'ura ba, kotu za ta ɗauke shi a matsayin wanda ba a karɓa, sai in masu gabatar da ƙara sun kawo hujjar da doka ta amince da ita. 'Yan sanda da masu gabatar da ƙara sun ƙi ta da farko, gwamnan jihar na lokacin, Rod Blagojevich, ma bai so ta ba. Obama ya zauna da su zama bayan zama, ya yarda da wasu sassauci, ya kuma nuna musu cewa faifan da ke kare wanda ake tuhuma shi ne kuma ke kare ɗan sanda mai gaskiya daga ƙazafi. Illinois ta zama jiha ta farko da majalisarta ta wajabta hakan. Batun ba baƙo ba ne a gare mu: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta tanadi cewa ana iya ɗaukar jawabin amsa laifi a bidiyo.

Ban da wannan fa?

A wannan shekara ta 2003, bayan 'yan Democrat sun karɓi rinjaye kuma Emil Jones ya zama shugaban majalisar, Obama ya shugabanci kwamitin lafiya da walwalar jama'a. Ya jagoranci dokar da ta tilasta wa 'yan sanda rubuta launin fatar direbobin da suka tsayar a hanya, domin a gano ko ana ware wasu, kuma tun kafin nan ya goyi bayan rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin albashi.

Ina raunin tarihinsa?

A shekarar 2000 ya nemi tikitin majalisar wakilai ta tarayya, Bobby Rush, wanda ke riƙe da kujerar a lokacin, ya kayar da shi da kusan ninki biyu na ƙuri'unsa. Sai kuma batun ƙuri'ar "ina nan", wadda majalisar Illinois ta yarda ɗan majalisa ya kaɗa maimakon "eh" ko "a'a". Obama ya kaɗa ta sau 129 cikin kimanin ƙuri'u 4,000. Tunda ana buƙatar "eh" 30, wannan ƙuri'a daidai take da ƙin amincewa, sai dai ba ta bayyana matsayin mutum fili. Magoya bayansa sun ce dabara ce da aka saba da ita a Springfield, wani lokacin ma da shawarar ƙungiyoyin da abin ya shafa, amma abokan hamayyarsa a zaɓen fidda gwani na 2008 sun kira ta gudun ɗaukar matsayi a kan batutuwa masu zafi irin su zubar da ciki.