David Bryant, gwanin mirgina ƙwallo a kan ciyawa

David Bryant ɗan wasan Ingila ne da ya yi fice a wasan mirgina ƙwallo a kan ciyawa, wanda Turawa ke kira lawn bowls. An haife shi ranar 27 ga Oktoba 1931 a garin Clevedon da ke yankin Somerset, ya rasu ranar 27 ga Agusta 2020 yana da shekara 88. Masu bin wasan da yawa har yau suna ganin ba a yi kamarsa ba, kuma gaskiya idan aka duba kofunan da ya tara da wuya mutum ya yi musu.

Shi dai wasan ba gudu ba tsalle, ana ajiye wata ƙaramar ƙwallo fara a can gaba, kowa ya mirgina tasa ya ga wa zai fi kusantar ta. Wahalar ita ce ƙwallon ba ta tafiya a miƙe, an ƙera ta da gefe ɗaya da ya fi rinjaye, to da ta fara rage gudu sai ta lanƙwasa, dole ɗan wasa ya auna lanƙwasar da ƙarfin hannunsa da yanayin ciyawar duk a lokaci ɗaya, ga iska kuma idan a waje ake yi. A nan Bryant ya fi kowa ido. Mahaifinsa Reginald ma ɗan wasan ne, shi kuma ya taso a kulob ɗin Clevedon, kuma ya yi aikin malamin makaranta kafin wasan ya zama sana'arsa.

A gasar Commonwealth ya fara da Perth a 1962, inda ya ci zinare biyu, ɗaya na wasan mutum ɗaya ɗaya na ƙungiyar mutum huɗu. A 1966 a Kingston ba a sa wasan cikin jadawali ba sam, sai ya koma ya ci zinaren mutum ɗaya a Edinburgh 1970, da Christchurch 1974, da Edmonton 1978. Wato duk lokacin da aka buga tsakanin 1962 da 1978 shi ne ya ɗauka, ba wanda ya karɓe.

Gasar duniya ta waje kuwa ya lashe ta sau uku, ta farko a Sidni a 1966 wadda ita ce ma karon farko da aka shirya gasar, sai Melbon a 1980, sai Okland ta ƙasar New Zealand a 1988, lokacin yana da shekara 56 fa, ya doke Willie Wood na Sukotland a wasan ƙarshe. Tsakanin kofin farko da na ƙarshe shekara 22 ke nan, abin da ba kasafai ake gani ba a kowane irin wasa.

Da aka fara gasar duniya ta cikin ɗaki a Coatbridge a 1979 shi ya cinye ukun farko a jere, 1979 da 1980 da 1981. Daga baya ya haɗa kai da Tony Allcock, wanda ya girme wa nesa ba kusa ba, suka ci kofin 'yan bibbiyu na cikin ɗaki sau shida tsakanin 1986 da 1992.

Lokacin da talabijin ta fara nuna wasan a Birtaniya, mutane da yawa ta hanyar Bryant suka san wasan, ga lofe a baki kullum, ya durƙusa ya daɗe yana kallon layin da ƙwallo za ta bi kafin ya sake ta. Fadar Birtaniya ta ba shi lambar girmamawa ta MBE a 1969, sannan ta ƙara masa da CBE a 1980.