Shin Chaina za ta ƙwace Yankari saboda bashi? Ga abin da doka ta ce

Daren Laraba muna zaune a teburin mai shayi kusa da kasuwar Wunti, ƙanen mahaifina ya miƙo mini wayarsa. "Kai ɗan boko, saurara ka ji." Saƙon murya ne na WhatsApp, wani yana rantsuwa cewa an jinginar da Najeriya ga Chaina, ranar da aka kasa biya har Yankari za su karɓe. Na ce, "Baffa, a yi mini haƙuri in sha shayina tukuna." Amsar da na ba shi daga baya ita ce na ga ya dace in rubuta, don saƙon ya zaga gari.

Maganar tana da tushe. A 2020 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya tono wata saɗara a yarjejeniyar rancen dala miliyan 400 da Najeriya ta ƙulla da bankin Exim na Chaina a 2018. Saɗarar ta ce Najeriya ta janye kariyarta ta ƙasa mai cin gashin kai. Daga nan aka ce an sayar da mu.

Ma'anarta ba haka ba ce. A al'adar duniya, ba a gurfanar da ƙasa gaban kotun wata ƙasa, kamar yadda alƙalin wani gari ba ya aika wa sarkin wani gari sammaci. To wa zai ba ka bashi alhali ya san in ka ƙi biya ba shi da inda zai kai kuka? Shi ya sa mai ba da rance kan ce: a kan wannan bashi kaɗai, ajiye garkuwar nan, mu yarda da inda za a yi mana hukunci in mun saɓa. Ba Chaina ce ta ƙirƙiro wannan sharaɗi ba, tsohon yayi ne a rancen ƙasashe. A cikin saɗarar ma an cire kayan soja da kadarorin jakadanci.

Ba ina cewa ba ta cizo ba. A 2012 wani kamfanin Amurka mai bin Ajantina bashi ya sa an tsare jirgin ruwan sojanta a tashar Tema ta Ghana, sai da kotun duniya ta teku ta sa aka sake shi. A 2024 kotun Faransa ta tsare jiragen fadar shugaban Najeriya uku kan rikicin wani kamfanin Chaina da jihar Ogun, kodayake wannan saɓanin zuba jari ne, ba rance ba. Amma a lura: dukiyar da ta fita waje ake kamawa. Alƙalin Paris ba shi da ɗan sandan da zai tura Alkaleri, inda Yankari take. Tashar Hambantota ta Siri Lanka da ake yawan kafa hujja da ita kuwa, gwamnatin ƙasar ce da kanta ta ba da hayarta ta shekara 99 a 2017 da ta shiga matsin kuɗi.

Ni inda nake jin tsoro daban ne, kuma ba a yin saƙon murya a kansa. Gwamna ba ya da ikon ciyo bashi daga waje shi kaɗai. Tsarin mulkin 1999 ya sa wannan a hannun tarayya: Abuja ce ke sa hannu bayan amincewar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya rubuta, sannan a miƙa wa jiha. Yawancin irin wannan rance daga Bankin Duniya da makamantansa yake fitowa. Lokacin biya kuwa ba a jiran gwamna ya ga dama. Daga kason wata-wata ake yankewa tun kuɗin bai baro Abuja ba. Da dala aka ci, da dala za a biya. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Biyan dala miliyan ɗaya da ke cin naira miliyan 460 ya koma cin biliyan ɗaya da rabi, ba tare da an ƙaro ko sisi ba. Wannan giɓin a albashin malamin firamare da maganin asibitin ƙauye yake fitowa.

Akwai dokar da aka yi don taka burki, Dokar Tsantseni Wajen Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007. A yadda aka rubuta shi a 2007, sashe na 41 ya ce gwamnati a kowane mataki ba za ta ci bashi ba sai don manyan ayyuka da gina ɗan Adam, da ruwa mai sauƙi da wa'adi mai tsawo. Sashe na 45 ya hana bankuna bayarwa sai sun ga shaidar an bi ƙa'ida.

Sai dai in ka karanta sashe na 41 har ƙarshe za ka yi dariyar takaici. Ya ce saɓa masa laifi ne, amma bai faɗi hukunci ba. Babu tara, babu ɗauri. Kura ce aka zare wa haƙora. A ganina wannan ya fi saɗarar Chaina zama abin kunya, domin mu muka rubuta wa kanmu.

Abu ɗaya dokar ta bar wa talaka. Sashe na 51 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi a tilasta bin dokar, ba sai ya nuna abin ya shafe shi kai tsaye ba. DMO kuma tana wallafa bashin kowace jiha a shafinta na intanet, na gida daban, na waje daban. Da na gaya wa Baffa haka, ya ajiye kofi ya ce in bugo masa na Bauchi da manyan baƙaƙe, idonsa ba ya ganin ƙanana.