Ƙananan gidajen talabijin: ga amsoshinku, a bar turo mani bidiyo ɗaya

Gini ne sana'ata a Yamai. Tun da shirye-shiryen Amurka na ƙananan gidaje, irin su Tiny House Nation da aka fara nunawa a 2014, suka shigo wayoyin mutane gutsure-gutsure, ban huta ba. Kowa ya turo bidiyo a WhatsApp, ƙarƙashinsa: “Malam, nawa za ka yi mani irin wannan?” Ga amsoshin wuri ɗaya. A karanta kafin a kira.

Da gaske mutane na zama a cikin waɗannan gidaje?

Eh, suna zama. Yawanci mutum ɗaya ko miji da mata.

Yaya girmansu yake?

A ƙa'idar gini ta Amurka, ƙaramin gida shi ne wanda bai wuce murabba'in mita 37 ba. Ɗaki da salo ke nan da makewayi. Ku leƙa gidajen haya na unguwannin Talaje ko Bukoki, iyalai nawa ne ke zaune a abin da bai kai haka ba? Ƙanƙanta ba sabon abu ba ce a wurinmu.

Na samu fili da araha a bayan gari, in ajiye gidan a can?

Ina takardarsa? Kullum sai na yi wannan tambaya, kullum sai a ce “ai mai gonar mutumin kirki ne”. Kirki ba ya tsayawa gaban alƙali. Ka je ma'aikatar magajin gari, ka tabbatar an yanka filin bisa ƙa'ida, ka ga takardar mallaka da idonka, ka tabbatar ba a sayar wa mutum biyu ba. Sannan ka koma ka ga wurin a watan Agusta, ba a watan Maris ba. Wanda ya ga abin da ambaliyar kogi ta yi wa unguwannin Kirkisoy da Lamorde da Saga a 2020, ya kuma ga ruwan 2024, bai kamata a yi masa dogon bayani ba. Mutum yana lissafin launin fenti alhali filinsa na bakin gulbi, wannan abin yana ba ni haushi ƙwarai.

Me ya sa suke da tayoyi?

Doka ce ta sa. Garuruwa da yawa a Amurka ba su yarda a gina gida ƙasa da wani girma ba, sai mutane suka ɗora shi a kan tirela don a lissafa shi cikin abin hawa. Shi ya sa faɗinsa ba ya wuce mita 2.6, iyakar abin da aka yarda a ja a titi. Wani Ba'amurke, Jay Shafer, ya gina nasa a jihar Iowa a 1999, abin ya bazu bayan rikicin bashin gidaje na 2008. Kai ba ka da wannan matsalar. Tayoyi ba za su amfane ka da komai ba, rana ma za ta farfasa su.

To a yi mani na katako kamar nasu.

A'a. Su itatuwa gare su har sun yi yawa, mu katakonmu daga ƙasashen bakin teku ake ɗoro shi. Je kasuwar Katako ka tambayi kuɗin falanki ɗaya, ka dawo mu yi magana. Ga gara, ga hunturu mai tsattsaga itace, ga gobara.

Amma ai sun ce yana da araha, kuma cikin ƴan kwanaki ake gamawa.

Araha idan an gwada da gidan Amurka. Wanda kamfani ya ƙera ba wuya ya wuce dalar Amurka dubu 30, wato fiye da miliyan 15 na sefa, babu fili a ciki. Saurin kuma, aikin makonni ne ake yankewa a haɗa ya zama shirin minti arba'in.

Kontena fa? Na ga ana mayar da ita gida.

Wannan ita ce tambayar da ba zan iya yankewa da kalma ɗaya ba, don haka a yi haƙuri a karanta duka.

Yana yiwuwa, amma ya danganta da abin da kake so da ita. Ƙaramar kontena tsawonta kusan mita 6, babbar mita 12, faɗin ciki kuwa bai kai mita biyu da rabi ba, duka biyun. Idan shago ne, ko ofis a wurin aiki, ko ɗakin mai gadi, ko kuma filin ba naka ba ne haya ka karɓa kana so ranar tashi ka ɗauke abinka, to tana da ma'ana, ba zan hana ka ba. Idan kuma wurin kwanan iyali ne, sai mu zauna.

Ƙarfe ne. A Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce digiri 40 a inuwa, kontenar da aka bari a rana haka nan tanda ce. Za a iya rage wannan, amma kowane mataki kuɗi ne. Na farko rufi na biyu a samanta, a bar sarari tsakani iska na wucewa, ya kuma zarce bango ya yi inuwa. Na biyu a shimfiɗa abin tare zafi a jikin bango, sai dai idan ta ciki aka sa shi zai ci faɗin da dama bai isa ba, idan ta waje ne kuma sai an kāre shi daga rana da ruwa. Na uku a juya ta dogayen ɓangarorin su kalli kudu da arewa, don ranar hantsi da ta la'asar su sami ƙananan ɓangarorin. In akwai bedi ko wani itace mai inuwa a filin, kada a sare shi don Allah. Duk da haka ba zan yi maka alkawarin barci mai daɗi a bazara babu na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma ka san yadda wuta ke ɗaukewa a daidai wannan lokacin. Wasu sukan ce fanka ta ishe su. Wataƙila, in suna kwana a waje har damina ta sauka.

Akwai abin da shirin ba ya tsayawa a kai. Ƙarfin kontena a kusurwoyinta yake da kuma bangon nan mai lanƙwasa. Ka yanke ƙofa da tagogi manya, ka raunana ta, sai mai walda ya kewaye kowace kafa da ƙarfe. Katakon daɓenta galibi an jiƙa shi da maganin ƙwari, kuma ba ka san abin da ta yi shekaru tana ɗauka ba, don haka a cire shi ko a rufe shi ruf kafin yaro ya yi rarrafe a kai. A ɗora ta a kan ginshiƙan siminti, kada ta zauna a ƙasa ta yi tsatsa. Wayar wuta kuwa, mai aikin da ya san aikinsa ne zai sa, da wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, don gidan gaba ɗaya ƙarfe ne. Sannan babbar mota da ƙugiyar sauke ta: za su iya shiga layinku cikin yashi?

Farashinta ba ya zama wuri ɗaya, balle yanzu da kaya ke zagayowa daga Lome ta Burkina. Abin da nake ce wa kowa: rubuta kuɗin kontena da ɗauko ta da walda da rufi na biyu da abin tare zafi, ka ajiye gefe guda. A ɗaya gefen rubuta kuɗin ɗaki mai girma ɗaya na bulo ko na laka. A ganina sau da yawa ginin ne zai yi nasara, amma ba a kowane hali ba. Yi lissafin da farashin wannan makon.

Gadon nan na sama da ake hawa da tsani?

Zafi sama yake taruwa. A ƙarƙashin kwano za ka kwantar da mutum? A'a.

Makewayin da ba a sa ruwa, sai garin katako?

Ana zuba garin katako don abin ya bushe ya zama taki, ruwa kuwa ɓata shi yake. Mu da buta muke tsarki. A haƙa shadda mai kyau, nesa da rijiya.

Ina jin kunyar gina gidan laka, kada a ce na gaza.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba gazawa ba ce. Katangar laka mai kauri tana riƙe zafin rana ba ta sake shi ciki sai dare ya yi, abin da kwano da siririn bulo ba su iyawa. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina da laka, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A nan Yamai, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokan aikinta sun gina gidaje shida masu bene da tubalin ƙasa da aka matse a inji, aka gama a 2016, ana kiransu Niamey 2000. Abin da laka ke so kawai: tushe na dutse ko siminti da ya ɗaga sama da ƙasa, indararo mai tsawo, da yaɓe kafin damina. Wanda ya yi sakaci da waɗannan ukun shi ne gidansa ke faɗuwa.

Babu abin koyi ke nan a shirin?

Akwai, kuma ina kallonsa saboda shi. Sukan auna kayan mai gida kafin su zana ɗaki. Ƙarƙashin gado da benci duk ma'aji ne, kanta a jikin bango har sama, taga tana kallon taga don iska ta ratsa. Waɗannan a ɗauka. Kuma suna gina abin da aljihu zai iya gamawa, ba irin kangayen da suka cika unguwar Bobiyel da ƙarafa tsaye shekara da shekaru ba.

Muna da yara biyar da baƙi daga ƙauye, zai ishe mu?

Ɗakin kaɗai ba zai isa ba. Gina ɗaki biyu a gefe ɗaya na filin, kada a tsakiya, ka yi rumfa babba, madafa a waje saboda hayaƙin gawayi da daka. A zana wurin ƙarin ɗakuna tun yanzu, a zuba tushen da zai ɗauke su.

Za ka zo ka duba filina?

Zan zo in Allah ya so. Fara turo hoton takardar.