Ɗaukewar fitsari bayan zazzaɓi ba jifa ba ne

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, idan mutum ya sha zazzaɓi mai zafi ko amai da gudawa, sai fitsari ya ɗauke, ƙafafu suka kumbura, akan ce jifa aka yi masa. Ban ga laifin mai faɗin haka ba, don abin farat ɗaya yake zuwa.

Yawanci ƙoda ce ta ji rauni. Fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun jiki, suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da ake kira saitokin. Idan cuta ta tsananta ko jini ya ragu a ƙoda, sai kiran ya yi yawa, dakarun su yi cincirindo, kumburi ya toshe ƙananan jijiyoyin jini, ya lahanta siraran bututun da ke tace fitsari.

Kuna iya dubawa da kanku: ku tara fitsarin yini da kwana a kwalba. Idan na babban mutum bai cika ledar fiya wata ɗaya ba, a garzaya asibiti a yi gwajin jini na kiriyatinin, wanda ke nuna yadda ƙoda ke aiki. Kada a ba shi magungunan rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen, suna ƙara wa ƙoda nauyi. Sau da yawa tana farfaɗowa idan an je da wuri.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa wannan bayani.